Wayon da Aka Ɗora wa Tanko

Yanzu in gari ya waye a nan Kurfey, ba taɓarya ke tashin mutum ba. Injin niƙa ne, sai babur ɗin 'yan kabu-kabu, sai wayar wata cikin jikokina tana kiɗa ƙarƙashin matashi kamar an aike ta. Mu da muka taso, tun assalatu ake jin lugude daga kowane gida, har kana iya raba turmin wance da na wance ba ka leƙa ba. Daga can rijiya kuma kukan jakai ne da ƙarar guga, da muryar Fulani masu jiran a ba shanunsu wuri. Ba cewa nake yi da can ya fi daɗi ba. Mun sha wuya, kuma duk tsohuwar da ta ce maka tana kewar surfe, ka bincika da kyau, wata ce ke yi mata. Abin da na ce kawai, a da ina sanin abin da kowace ƙara ke nufi da wanda ya tayar da ita. Yanzu kuwa ina zaune bakin ɗakina, abubuwa suna ta kuka kewaye da ni, ban san wanda ya taɓa su ba, ban kuwa yarda da ko ɗaya ba.

Abin da ya taso mini da wannan magana jikana ne, autan ɗiyata, wanda ya zo na ƙarshe a ajinsu na lakwal, makarantar boko ke nan. Uwar ta shigo mini da kuka kamar an yi mutuwa, wai mushe, malaminsu, ya ce kan yaron ba ya ja. Ana cikin haka yayarsa, wadda ke koyon Ingilishi a kwaleji, ta zaro waya ta fara yi mana bayanin da ba wanda ya tambaye ta. Wai masu wannan harshe kalma guda gare su ga yaron da ba ya ganewa da wuri, da wuƙar da ta dakushe, da ranar da hadari ya rufe ba haske, da hirar da ke sa hamma. Ta faɗi kalmar, ban riƙe ba, ban kuma yi niyyar riƙewa ba. Na ce mata, “Ke, mutanen da sunka haɗa ɗan mutum da wuƙa cikin suna guda, ki yi hankali da su. Gobe sai su ce in an goga shi ga dutse za ya yi kaihi.” Ta yi dariya ta ce ai mu ma muna cewa kaifin ƙwaƙwalwa. Na ce na sani, shi ya sa mu ɗin ma ban yarda da mu ba. Suka ci gaba da shawarar wanda zai riƙa yi wa yaron ƙarin karatu da marece. Ni kuwa hankalina ya riga ya tafi wani wuri, domin na ga zamanin da uwa ke roƙon Allah a ce ɗanta daƙiƙi ne.

Ni ce fari a ɗakin Innarmu. Bayana mata suka yi ta zuwa, sai daga ƙarshe Allah ya kawo namiji, aka riƙa kiransa Tanko kamar yadda ake kiran duk namijin da ya biyo mata. A bayana ya girma. Da shi nake zuwa rijiya, da shi nake zuwa tsinkar tafasa a bayan gari, in zan yi daka in kwance shi in ajiye gefen turmi, in gama in same shi daidai inda na bar shi. Tun a nan manya suka fara kallon juna. Sa'o'insa suka yi rarrafe yana zaune, suka yi gudu yana rarrafe, suka fara zagin mutane shi ko “Inna” bai iya ba. Ba malamin da ba a je wurinsa ba, an kuma kai shi wurin masu bori a ɓoye kada Baba ya ji. Daga baya Inna ta haƙura, haƙuri na gaske, ba irin na baki ba. Ya sami 'yan kalmominsa da ba su cika tafin hannu ba: ruwa, hura, zo, da sunana da yake faɗa rabi. Sauran duk dariya ce. Amma kada ka ɗauka rayuwarsa abin tausayi ce. Tanko ɗan kowa ne a garin. Ba gidan da yake yi wa sallama, ba kuwa gidan da ake korarsa. Mata na tsegumi yana zaune tsakiyarsu yana lasar ludayi, ba wadda ke rage murya. Maza a maƙera suna zagin maigari da kumandan, Nasaran da ke mulkinmu, shi Tanko yana ja musu zugazugi, aikin da ya fi so a duniya. Ana tsokanarsa, ban musa ba, amma duk yaron da ya ɗaga masa hannu, uwar wani ce za ta mare shi kafin ni in iso. Sau da yawa in na je nemansa da azahar, sai in same shi ya ƙoshi a wani gida yana barci kan tabarmar mai gidan.

A wancan zamani lakwal ba wurin da ake kai yaro ba ne, wurin da ake kama shi ne a kai. Bayan girbi labari zai riga masu shi isowa, daga bakin waɗanda suka ci kasuwar Filinge: mushe ya fito, shi da gardi, 'yan sandan kumandan masu jar hula, suna bin gari gari suna ɗibar yara. Tsofaffinmu sukan ce yaron da aka ɗauka ya fita daga gona ya fita daga salla, in ma ya dawo, da matsattsen wando zai dawo yana yi wa ubansa magana ta hanci. Da farko ɓoyo ake yi, a rumbu, ko a tura yaro ruga wurin Fulani. Amma gardi sun koyi zura sanda a rumbu, maigari kuwa ya san kowace haihuwa, tunda ba sunan da bai ci namansa ba. Sai mutanenmu suka fito da wata sabuwar sana'a, koya wa yara daƙiƙanci. An lura mushe ba ya son ɗaukar wanda zai wahalar da shi a banza, to sai a ba shi gari cike da wawaye ya zaɓa. Akwai wata tsohuwa a unguwarmu, ungozoma, ita ce malamar wannan karatu. Da hantsi za ta tara su bayan danga ta koya musu sakin leɓe, da barin miyau ya zuba, da kallon bayan kunnen mai magana maimakon idonsa. In an ce mi sunanka, ka ce akuya. In an ce ɗaga hannu, ka zauna. Wanda ya yi dariya ya sha ranƙwashi. Yau in na ga iyaye sun yi layi ƙofar lakwal suna roƙon a karɓi 'ya'yansu, har da waɗanda ba su gama shan nono ba, sai in ce da tsohuwar nan za ta taso ta gani, da kanta za ta koma. A waɗannan kwanaki na jiran mushe ba wanda ke yarda da kowa. In an ga mace ta nufi gidan maigari da kaza a hammata, kafin ta dawo an gama yanke cewa ɗan maƙwabciyarta ta je tonawa. Ko gaisuwa aka yi maka mai tsawo, sai ka koma gida kana juya ta.

Gidanmu guda ne da na ƙanen Baba, wanda muke kira Baba Ƙarami. Yana da ɗa sa'an Tanko, sunansa Ɗanjuma, yaro mai wayo kamar tun a ciki ya fara sauraron mutane. Shi ya fi ba tsohuwar wahala, domin ko ya saki leɓe, idanunsa ba su yarda su mutu ba. Uwarsa ta rame a 'yan kwanakin nan. Inna kuwa, karo na farko tun haihuwar Tanko, ta zama abin sha'awa. A rijiya mata suna ce mata, “Ke kam Allah ya hutasshe ki. Naki ba shi biɗar koyi.” Ita dai sai ta yi murmushi ta ce alhamdu lillahi. Na ga yadda take tafiya da tulu, wuyanta a miƙe, tana amsa gaisuwa da ƙarfi, kuma na yi murna domin ta daɗe tana sunkuyawa. Da ranar ta zo, kowace uwa ta shafa wa ɗanta toka ta rataya masa tsumma. Inna ta ce in yi wa Tanko wanka in shafa masa man shanu, ita kuma ta ciro masa rigarsa ta salla. “Baƙi za su zo,” in ji ta, “kuma ɗana ba shi da abin ɓoyo.”

Aka tara mu ƙofar maigari, gindin wani babban gawo, maza gaba, mu mata can baya. Mushen wani dogon Bazabarme ne daga wajen kogi, siriri, da gilashi a ido, Hausarsa tana ɗan karkata. Ya zauna kan kujerar da ya zo da ita. Kowane yaro sai gardi ya ɗora masa hannunsa bisa kai ya ga ko yatsun sun kai kunnen ɗaya gefen. In sun kai, shekarunsa sun isa. Sannan mushe ya yi masa tambaya. Ranar nan garinmu ya nuna gwaninta. Miyau ya zuba, wani ya ce sunansa akuya, na bayansa ya ruɗe shi ma ya ce akuya, wani ya faɗi ƙasa yana shure-shure fiye da yadda aka koya masa. Mushe bai yi fushi ba, bai yi dariya ba. Fuskarsa ta mutumin da ake ba tuwo iri guda gari bayan gari ce. Da aka gama sai ya miƙe kamar mai shirin tafiya, ya sa hannu aljihu, ya watsa dabino a ƙasa. Kafin ƙiftawar ido wawayen garinmu duk sun warke. Ɗanjuma ya fi kowa samu, har ya taka hannun wani ya cusa saura a kumatu. Yaro ɗaya ne bai motsa ba. Tanko na tsaye cikin farar rigarsa, yana kallon yadda rana ke wasa a gilashin mushe, yana dariya.

Mushe ya zagaya shi. Ya tafa hannu a bayan kansa, ya yi masa magana da Hausa, ya yi da Zabarmanci. Ya dubi rigar, ya dubi man da ke ƙyalli a goshinsa, sannan ya ɗaga kai ya nemi uwar cikin mata. Bai sha wuyar gane ta ba, ita kaɗai ce ba ta cikin tsoro. Ya gyaɗa kai.

“Waɗancan jiya aka koya musu,” in ji shi. “Wannan an daɗe ana koya masa. Yaron da zai ga dabino ya riƙe kansa, shi nake nema.”

Ya nuna wasu 'yan kaɗan daga wasu gidaje, ya ce doka gida guda yaro guda, daga gidanmu kuwa Tanko. Inna ta ratsa maza ta fito tsakiyar fili, abin da ban taɓa ganin mace ta yi ba.

“Mushe, don Allah ka dube shi da kyau. Wanga ba wasa shika yi ba. Haka Allah yay yi shi tun ran da na haihe shi.”

“Inna,” in ji mushe, “tun daga Tabla har nan ba uwar da ba ta faɗa mini haka ba.”

Maza suka ɗauka gaba ɗaya. Liman ya rantse, maƙeri ya rantse, maigari da kansa ya ce wanga kam gaskiya ta. Mushe ya bari suka gama, sannan ya nuna yaran da ke taunar dabino. “Waɗannan ma ɗazu kun rantse.” Rantsuwar garin duka an ɓarnatar da ita tun da safe, da aka zo kan wanda ke bukatarta ba saura.

“To, na ji,” in ji mushe. “In da gaske ne, akwai wani yaro a gidan. Ku ba ni shi, ku riƙe wannan.”

Ido ya koma kan Baba Ƙarami. Ya sunkuya yana tonon ƙasa da ɗan yatsan ƙafa. Sai aka dubi Baba, tunda shi ne babba. Wanda bai san mu ba zai ce ai magana ɗaya ce ta raba gardama. Amma a wurinmu namiji ba ya buɗe baki cikin taro ya ceci ɗan cikinsa ya miƙa ɗan ƙanensa. In ya yi, har jikokinsa za a riƙa yi wa gori. Yadda aka saba, ƙanen ne zai ce a ɗauki nawa, wan ya ce a'a, a yi ta ja har manya su raba. Kowa wannan yake jira, Baba Ƙarami kuwa ya ci gaba da tonon ƙasarsa. Daga ƙarshe Baba ya ɗago kai. “Duka ɗiyana na,” in ji shi. “Wanda mushe yaz zaɓa, shi na.” Aka ɗora Tanko bayan raƙumin gardi. Bai taɓa hawa raƙumi ba, yana ta dariya yana ɗaga mini hannu, sai da ya ga ban biyo ba ya fara kiran rabin sunana.

Kafin kasuwa ta zagayo an ja zana tsakiyar gidanmu. Inna ta ce ta ga matar Baba Ƙarami ta daɗe wajen ba gardi ruwa, kuma ba ruwa kaɗai ta ba shi ba. Ita kuwa ta ce duk wanda ya ga rigar salla ya san da gangan Inna ta yi, ɗa mai aikin gwamnati take so. Baba da ƙanensa suka koma gaisawa kamar baƙi a kasuwa. Ni maigari na zarga, domin nasa 'ya'yan ranar ba a ga ko ɗaya ba, wai sun je gaida kakarsu a Sanam. Har yau ban san mai gaskiya ba, mai yiwuwa ma ba wanda ya raɗa wa kowa komai. Amma tun daga lokacin na koyi kallon hannun mutum in yana yi mini magana mai daɗi, halin da jikokina ke kira rigimar tsufa.

Lakwal ɗin tana wani gari mai kasuwa, tafiyar safiya da jaki. An sauke Tanko gidan wani dangin Baba na nesa. Lokacin na zama budurwa, duk ranar kasuwa ni ake aikawa da gumba in kai masa. Zuwan farko ya rungume ni ya ce hura. Zuwan da ya biyo na ga sawun bulala a bayansa. Can gaba sai ya daina cewa hurar ma, in ya gan ni ya kama bakin zanena kawai. Sauran yaran garinmu ne suka ba ni labari, wai mushe ba ya ɗauke ido daga kansa. Yakan laɓe bayan taga ya ga ko Tanko zai saki jiki in ba kowa. Yakan ajiye abinci gabansa ya ce sai ya roƙa da Faransanci. Wata rana har ya ce masa uwarka ta mutu, yana kallon ƙwayar idonsa. Duk gwajin da Tanko ya faɗi, sai mushe ya ƙara tabbata cewa taurin kai ne da biyayya ga uba. Zan yi masa adalci ko da ba na so: ba mugu ba ne. An ce yakan ba shi daga abincinsa, ya taɓa sa an ɗinka masa riga. Shi a ganinsa ƙoƙari yake yi ya ƙwato yaro mai baiwa daga hannun jahilan iyaye, kuma mu ne muka koya masa kada ya yarda da idonsa. Ran nan na kasa haƙuri, na tare shi ƙofar aji da ƙwaryata a ka.

“Mushe, ni na goye shi. Da shina ɓoyon wani abu, bayana za ya hwara sani.”

“An aiko ki,” in ji shi.

“Ba wanda ya aiko ni. Mi kaka so ka gani, ka yarda?”

Ya cire gilashi ya goge, kuma na ga da gaske tunanin yake yi. “In ya yi magana, na yi gaskiya,” in ji shi. “In bai yi ba, bai gaji ba tukuna.” Na juya na tafi ina kuka har bakin kasuwa, domin na gane duk abin da Tanko ya yi, da wanda bai yi ba, shaida ce a kansa.

Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo, aka ɗauke mushen nan zuwa wani wuri. Wanda ya gaje shi ya dubi Tanko safiya ɗaya ya ce a zo a ɗauki bawan Allah. Muka yi murna, mun ɗauka an gama. Ashe kafin tsohon mushen ya tafi ya bar mana tsaraba. Ya faɗa wa maigari, ya faɗa a rumfar masu goro, cewa duk yaran da suka bi ta hannunsa ba mai wayon Tanko, shi kaɗai ya kayar da shi. Mutanenmu ba su taɓa yarda da mushe a kan komai ba, amma wannan sun ɗauka. Mutumin da ya tona ƙaryar gari guda da 'yan dabino, zai daɗe haka yana kuskure? Sai kowa ya fara tuna abin da ya taɓa faɗa gaban Tanko. In ya shiga maƙera ya kama zugazugi, hira ta mutu. In ya shiga gida, mata su ja mayafi su koma zancen tsadar gishiri. Wasu suka ce Faransanci ma yana ji, ajiye shi aka yi a garin. Da kaka ta zagayo aka zo ɗibar yara, gardi ya wuce kai tsaye zuwa wani rumbu ya zaro yaron da aka ɓoye. Ba a yi dogon bincike ba. Wa ke shiga kowane gida? Daga ranar aka fara ja masa ƙyaure. Zai je ƙofar gidan da ya saba shan fura tun yana rarrafe, ya tsaya yana dariya yana jiran a kira shi, har rana ta ƙona shi, sannan ya matsa gaba. Na yi faɗa da rabin garin, ba tsohuwar da ban yi wa rashin kunya ba. Abin da na samu kawai, aka ce ni ma da bakina a ciki. Yanzu in yaro ya zo da irin wannan lalura Yamai ake kai shi, likita ya duba ya ba da takarda, kowa ya yarda da takardar. Mu ba mu da wanda za mu tambaya sai junanmu, mun kuwa san junanmu da ƙarya.

Duk wannan na iya ɗauka. Abin da ban shirya masa ba Inna ce. Na yi aure nan cikin gari, kullum ina leƙowa, sai na lura ta fara kallonsa ta gefen ido. Za ta saki ludayi a bayansa ta ga ko zai waiwaya da wuri. Za ta ɗauko labarin wani abu da ya faru yana ƙarami, ta yanke a tsakiya, ta jira. Na ce, “Inna, har da ke?” Ta ce, “Ni mi na ce? Amma mutumin ga ya yi karatu hwa, kuma ba shi da abin da za ya ci ga ƙarya.” Haƙurin da ta yi shekaru tana ginawa, mushe ya rushe shi da magana ɗaya. Su mutanen gari zargin ya sa sun guje shi. Ita kuwa zargin ne ya zame mata abinci: in dai wasa yake yi, to tana da ɗa lafiyayye ɓoye cikin wannan, wanda wata rana zai gaji ya fito. Na ji haushinta, na ji tausayinta, ban san wanda ya fi ba.

Ciwon da ya tafi da ita lokacin girbi ya kwantar da ita, Baba ya riga ya rasu. Ran nan da hantsi gari duk ya watse gonaki, daga ni sai ita sai Tanko, wanda lokacin gemu ya cika masa fuska. Yana zaune bakin gadonta yana kore mata ƙuda da mafici. Ta ce in leƙa waje in ga ko da kowa. Na leƙa na ce ba kowa. Ta ce in saki asabari. Sannan ta kama hannunsa da hannu biyu.

“Tanko. Ba kowa, ɗana. Mushe ya tahi tun tuni, gardi sun bar zuwa. Ka kada su duka, na gani. Yanzu ya isa. Ka yi mini magana, ko kalma guda, in ji muryarka ta gaskiya kahin in tahi.”

Ya dube ta ya yi dariyarsa, ya ci gaba da fifita da ɗaya hannun. Ta jira. Ina jin kaji suna tono a bayan ɗaki. Sai ta juyo da kai wajena, ta yi mini irin kallon da ake yi wa baƙo.

“Ke ta. Bai yarda da ke ba. Hita.”

Na fita na zauna gindin rumbu. Daga nan ina jin muryarta tana tashi a hankali, ta yi shiru ta bar masa wuri, ta sake tashi. Na zauna har inuwar rumbun ta bar ni, ban ji murya ta biyu ba. Da shirun ya yi yawa na koma da gudu. Na same ta ido buɗe, hawaye ya jiƙa matashi, amma fuskarta a sake, tana riƙe da hannunsa har yanzu.

“Kin ga ɗana?” in ji ta. “Namiji. Ko ni uwatai, bai bari na kama shi ba.”